Ranar da Tela Ta Ƙi Duba wa Filaya Waya

Filaya dai ba sunansa na gaskiya ba ne. Tun yana saurayi aka laƙaba masa, don ba ka taɓa ganinsa babu filaya, ƙarfen nan na kama waya da yanke ta, a aljihun baya. Duk wandon da ya mallaka a duniya, aljihun bayan a huje yake. Ƙanena ne, shi ke bi mini, kun ga ku ma kakanku ne ke nan.

Tun yana ɗan mitsitsi akwai abin da ke damun idonsa, ba wanda ya gane. Ba makanta ba ce fa. Allura in ta faɗi a tsakar gida shi ke tsinto ta. Launi ne kawai ba ya rabewa. Ja da kore da ruwan ƙasa, duk uwarsu ɗaya ubansu ɗaya a wurinsa. Inna ta aike shi bayan gida ya tsinko tumatir nunanne, sai ya ciko kwano da ɗanye shar, yana tafe yana washe baki, jira yake a yaba masa. Ya sha ranƙwashi a kan haka har ba iyaka, ana cewa wasa ne ya yi masa yawa. Da ya gaji da shan ranƙwashi sai ya koyi dabara. Ba ya fara ɗaukar abu, sai ya ga wanda wani ya ɗauka. In an tambaye shi launin riga, sai ya ce, "Kai, ta yi kyau!" ya wuce abinsa.

To duk sana'o'in duniyar nan, ku faɗa mini wadda yaron nan ya zaɓa. Wayarin ɗin mota! Aikin da daga farkonsa har ƙarshensa jar waya ce da koriyar waya. Amma kun san motocin da, wayoyinsu ba su da yawa, kuma masu kauri ne. Sai ya kama waya da yatsa ya bi ta tun daga batir har inda ta mutu, yana gwadawa da ɗan ƙwan fitila. Ubangidansa har yabonsa yake a gaban sauran, wai wannan ba ya yarda da ido, sai ya taɓa. Bai san dole ce ta sa ba. Ga shi kuma Allah ya ba shi kunne. Sifika tana fara kuka ƙasa-ƙasa zai ji, tun mai motar bai ji ba. Da haka ya bar gyaran fitila da hon, ya koma sa wa motoci kayan kiɗa, har ya buɗe shagonsa a layin masu gyaran mota, tsakanin Mai-fenti da Mai-faci.

Matarsa ce ta fara kama shi. Tela ce, da kekenta aka kawo ta, kowa ma Tela yake ce mata. Suna sabon aure ta aike shi ya sayo mata jan zare, ya dawo da kore. Ta ce ba shi ba ne, ya rantse shi ne. Ba ta yi musu ba. Ta juye gwangwanin zarenta a kan gado, ta ce, "Malam, ware mini jajayen."

Ya zauna yana warewa da ƙarfin hali, yana haɗa ja da kore da ruwan ƙasa wuri guda. Tela ta yi dariya har ta zame daga bakin gado, hawaye na zuba. Da ta ɗago ta ga fuskarsa, sai dariyar ta tsaya. Ya ce mata, murya ƙasa-ƙasa, "In mutanen layinmu suka ji, ko keke ba mai ba ni in sa wa fitila. Wa zai ba wanda ba ya ganin launi wayar motarsa ya yanka?"

Ta ce, "To ba za su ji ba."

Daga nan suka ƙulla abinsu. Gidansu lungu ɗaya ne tsakaninsa da shagon. Rana na take tsakiya sai ta ɗauko abinci ta kawo masa. Ta ajiye, ta gaida mutane, sai ta shige cikin motar da yake aiki, wai tana gudun rana. A nan ya riga ya buɗe mata wayoyin. Sai ta zaro farin zare daga ƙugu ta bi su tana ɗaurewa: ja ƙulli ɗaya, kore ƙulli biyu, ruwan ƙasa ta bar masa jela doguwa. Kafin ya gama cin abinci ta gama. Shi kuma in ya dawo, yatsunsa ke karanta masa. In ya kammala aiki ya tsinke zaren ya zuba a aljihu. A haka suka haifi 'ya'yansu, a haka suka aurar da ta fari, ba wanda ya sani. Mutanen layi dai sun ɗauka so ne ya yi mata yawa, ba ta iya wuni ba ta gan shi ba.

Ranar da abin ya lalace, bakinsa ne ya ja masa. Suna zaune a benci a ƙofar shago, Mai-fenti yana goge hannu da tsumma, sai ya ce, "Wai ni Filaya, kullum Uwargida na cikin motar mutane. Anya ba ita ke maka aikin ba, kai kana karɓar yabo?"

Wasa yake yi, wallahi wasa. Amma Filaya ya ɗauka an gano shi. Sai ya ƙyalƙyale da dariya fiye da kowa, ya ce, "Wa? Ita? Ban da allura me ta sani? Wannan ko batir ka ajiye mata kusa da bulo, sai ta tambaye ka wanne ne na motar!"

Aka fashe da dariya. Sai dariyar ta riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya, kowa yana kallon bayansa. Ya waiwaya. Ga Tela tsaye da kwanon abinci.

Ta ajiye kwanon a hankali, ta gaida Mai-fenti, ta gaida Mai-faci, har da tambayar iyali. Motar da ke buɗe tana jiranta, ko kallonta ba ta yi ba, ta juya gida. Da ya koma da yamma ya tarar da ita fes, tana ta hira, ta kawo masa ruwa, ta tambaye shi gajiya. Sai da safe, yana sa takalmi, ta ce, "Malam, daga yau abincin rana a gida yake. Ɗinki ya yi mini yawa."

Ya ce a ransa, fushin kwana biyu ne, zai wuce. Ya yi ta lallaɓawa da tsofaffin motoci, yana bin waya da yatsa kamar zamanin koyo. Sai ga Aku ya kawo sabuwar mota.

Aku direba ne, yana ɗaukar fasinja daga tasha. Ba mugu ba ne, amma bakinsa ba ya rufuwa. Abin da ya gani da safe, kafin rana ta yi zafi duk direbobin tasha sun ji, da ƙari. In ya yabi shago, sai ka ga motoci sun yi layi. In ya kushe, mai shagon sai ya koma korar ƙuda. Tsohuwar motarsa ma Filaya ne ya yi mata wayarin. Yau ga shi da sabuwa fil, tana ƙamshin leda, ya buɗe but ɗin bayan motar ya nuna kaya: amfilifaya, wato na'urar da ke ƙara wa kiɗa ƙarfi, da manyan sifiku, da wata ƙatuwa mai bugun ƙirji da suke ce wa wufa.

Ya ce, "Oga Filaya, so nake in na shigo tasha, tun daga kwana a san ni ne. Amma ka ji sharaɗi. Rediyon motar nan ba a cire shi, ba a taɓa mini gaban mota. Ko ƙwarzane na gani, ni da kai ne."

Filaya ya leƙa. Rediyon kam a jikin motar aka gina shi, haɗe da maɓallan sanyi, ga allo kamar talabijin, rubutun ciki ma ba na harshen da ya iya ba ne. Irin wannan rediyo ba shi da ramukan da ake soka wayar amfilifaya. Sai dai a yi masa dabara da wani ɗan akwati, bai fi gidan ashana biyu ba, kwambata suke ce masa. Yadda ya taɓa kwatanta mini, wai sautin da ke tafiya zuwa sifika ihu ne, amfilifaya kuma ba ta son a yi mata ihu, raɗa take so, ita ta mayar da shi ihu da kanta. To sai a tsotso sautin daga wayoyin sifikun motar, a shigar da shi ɗan akwatin nan, ya sassauta shi, sannan ya miƙa mata. Wayoyi huɗu kawai ake nema, biyu na hagu, biyu na dama.

Ya ce wa Aku, "Je ka dawo da yamma."

Ya fara da abin da ba ya buƙatar ido. Ya jawo wayar wuta mai kauri daga batir, ya sa mata fis mai katse wuta in ta yi yawa kusa da kai, ya bi da ita ƙarƙashin kafet ta gefen ƙofa har but. Ya kankare fenti a wani lungu sai da ƙarfe ya fito fari tas, ya ɗaure ɗaya wayar a nan. Ya kafa amfilifaya, ya zaunar da wufa, ya share wurin. Aiki kamar a lashe. Sannan ya ɓalle murfin gefen but, inda wayoyin motar suka taru.

Kai! Dami guda, sirara kamar tsintsiya, an murɗe su biyu-biyu. Ya kira wani abokin koyonsa da ya saba da irin motar a waya. Abokin ya ce, "Mai sauƙi ne. Ka ɗauka daga sifikun baya. Na hagu kore da ruwan ƙasa, na dama ja da ruwan ƙasa. Kada ka ɗauki na gaba, ta nan ƙararrawar ƙofa da ta bel ɗin kujera ke fita. Sannan akwai wasu murɗaɗɗu a wurin, ruwan goro da kore mai haske, na ƙwaƙwalwar motar ne. Waɗannan ko da wasa kada ka taɓa, in ka haɗa su motar ba za ta ƙara tashi ba sai an kai ta kamfani."

Filaya ya ce, "Na gane, na gode." Ya kashe waya ya dubi damin. Duk launin da aka lissafa masa, ga su nan a gabansa, kala ɗaya, kamar ƙasar bakin hanya.

Ya ɗauki hoton wayoyin ya tura wa Tela. Ya jira. Can sai ga saƙon murya. Ya kara a kunne, ya ji keke yana ta gudu, tar-tar-tar, sannan muryarta a sanyaye: "Malam, na ga hoto. Ni ban da allura me na sani?"

Ya share gumi. Ya leƙa waje ya kira Mai-fenti. "Zo ka ga abin haushi. Masu ƙera motar nan ba su iya zaɓen launi ba sam. Dubi wannan."

Mai-fenti ya sunkuya. "Wanne?"

"Wannan mana."

"Me ta yi?"

"Kai za ka faɗa mini, ba kai ne mai fenti ba? In kai ne, me za ka kira wannan?"

Mai-fenti ya ƙura ido, ya karkata kai, ya ce, "Waya zan kira ta." Ya koma bakin aikinsa.

To da ya ga ba sarki sai Allah, ya ɗauko mitar gwada wuta da wani siririn fil. Ya kunna rediyo, ya zaɓi tagwayen waya guda, ya yi addu'a, ya soka fil ɗin kaɗan ya ɗora mita. Allurar mita ta hau rawa tana bin kiɗan. Ya ce alhamdu lillahi, wannan ta sifika ce. Ya sake zaɓar wasu, su ma suka yi rawa da kiɗa. Ya ce shi ke nan, ba zan ƙara soka ko ɗaya ba, kada in je in soki ƙwaƙwalwa. Na gaba ne ko na baya, Allah ya sa na baya ne. Ya fere su kaɗan, ya haɗa da ɗan akwatin, ya soka wayoyin amfilifaya, ya shiga mota ya rufe ƙofa ya murɗa rediyo.

Kiɗa ya tashi, wayyo daɗi! Madubi na rawa, kujera na bugun bayansa. Filaya ya riƙa kaɗa kai yana cewa a ransa, ashe dai ina iyawa ni kaɗai, bari in koma gida yau in ga idonta. Ya ƙara murɗawa don layi ya ji. Sannan ya buɗe ƙofa zai fito, makulli na jiki.

TIN! TIN! TIN!

'Yar ƙararrawar nan da ke tuna wa direba ya bar makulli, wadda ko jariri ba ta tayarwa, ita ce ta bi ta cikin amfilifaya ta fito ta manyan sifiku kamar ana dukan ƙarfen jirgi a cikin kunnenka. Mai-fenti yana tsakiyar fesa ƙofar wata mota, ya zabura ya ja layi har kan gilashi. Mai-faci ya saki taya ta gangara titi, ya bi ta da gudu. Mai shayin tsallake ya watsar da abin da ke hannunsa. Filaya ya rikice, garin neman maɓalli gwiwar hannunsa ta bugi sandar sigina, sai ga wata sabuwa: ƘWAS! ƘWAS! ƘWAS! kamar ana sara itace a cikin but.

Kafin ya kashe, layi ya cika. Ana ta dariya, har da masu riƙe ciki. Mai-faci ya dawo da tayarsa yana haki ya ce, "Oga, wannan in ya yi sigina a nan, sai a kauce masa a wancan gari!"

Ana cikin haka sai ga Aku, ya kasa haƙuri har yamma. Ya ji da kunnensa tun daga bakin layi. Da farko ya taya su dariya, har yana dukan cinya. Sai ya leƙa but, ya ga wayoyin motarsa a fere, dariya ta ɗauke.

"Oga Filaya, ba dai wayar da ba ita ba ka yanka mini?"

"Ƙaramin abu ne. Je ka sha shayi, yanzu zan gyara."

"Na ƙoshi." Ya jawo benci ya dasa shi daidai bakin but, ya zauna ya harɗe ƙafa. "Gyara ina gani."

Filaya ya durƙusa da fil a hannu. Tagwayen da suka rage ba su da yawa. A cikinsu akwai na sifikun baya, a cikinsu kuma akwai na ƙwaƙwalwa. Ya kai hannu kan wasu, ya janye. Ya kai kan wasu, ya janye. Gumi na ɗiga daga haɓarsa kan kafet ɗin mutane. Ya san in ya soki wadda ba ita ba, motar bawan Allah ce za ta mutu a hannunsa, motar da ko wata ba ta yi ba. Ya ajiye fil ɗin, ya miƙe, ya ce, "Ina zuwa."

Ya bi lungu kamar wanda aka aika ya karɓo duka. Ya tarar da Tela a kan keke, bakinta cike da fil, tana haɗa hannun riga. Ya tsaya a bakin ƙofa.

"Sannu da aiki, ranki ya daɗe."

Ta zare fil ɗin daga baki ɗaya bayan ɗaya. "Yau kuma ni ce ranki ya daɗe? Na ji ƙararrawa daga nan, na ɗauka makaranta aka buɗe a layinku."

"Tela, ki rufa mini asiri. Na yi kuskure, bakina ne. Ki zo ki duba mini wayoyi huɗu kawai, na roƙe ki."

"Zan zo."

Ya saki ajiyar zuciya.

"Amma a inda ka faɗa, a nan za ka gyara. A gaban waɗanda suka yi dariyar."

"Haba Tela! Aku fa na wurin!"

"Ai gara haka. Ya hutar da kai yawon faɗa wa mutane ɗaya-ɗaya."

"Kin san abin da zai biyo baya. Shagon nan shi ke ci da mu."

Ta dakatar da keken, ta dube shi sosai. Ta ce, "Malam, na riƙe maka maganar nan tun ba mu da ɗa ko ɗaya, ko 'yar'uwata ban faɗa wa ba. Ban taɓa neman a yaba mini ba. Amma ban yarda in rufa maka asiri kai kuma ka mai da ni abin dariya ba. In ka fi so, ka koma ka ci gaba da sokawa."

Ya yi ta murza filayar da ke aljihunsa. Can ya ce, "Ɗauko zarenki."

Suka fito tare, ita a gaba da almakashi rataye a wuya, shi a baya. Mutane ba su watse ba, kowa na jiran ya ga ƙarshen ƙararrawa. Filaya ya tsaya a bakin but, ya yi gyaran murya har sau nawa, sannan ya ce, "Jama'a, maganar da na yi rannan a kan matata, ƙarya na yi. Ni ba na ganin launi. Ja da kore da ruwan ƙasa duk ɗaya ne a idona, haka aka haife ni. Duk motar da na yi wa aiki a layin nan, ita ta duba mini wayoyin."

Sai Mai-fenti ya ja gaban rigarsa ya ce, "Tsakaninka da Allah, wannan wane launi ne?"

Filaya ya ce, "Launin datti."

Aka kwashe da dariya, har shi. Amma Aku bai yi ba. Ya miƙe, ya zare makullinsa daga jikin mota ya riƙe a hannu. Filaya ya bi makullin da ido.

Aku ya ce, "Tsaya in gane. Tsohuwar motata, da ka warware mata waya gaba ɗaya ka sake, na yi ta bugu da ita har na sayar ko fis ba ta taɓa ƙonawa ba. Ku biyu kuka yi?"

"Mu biyu."

"Yau kuma da ta zama ƙararrawar makaranta, kai kaɗai ka yi?"

"Ni kaɗai."

Aku ya jujjuya makullin a yatsa, ya dubi motar, ya dubi Tela. Sannan ya ja bencinsa baya ya ce, "Uwargida, bismilla. Kai kuma kada ka ƙara taɓa komai sai ta ce."

Tela ta tattare zanenta ta zauna a bakin but. Ta ce a ɗaga mata murfin sosai haske ya shiga. Filaya ya faɗa mata abin da abokinsa ya ce, ta sa yatsa tana ware wayoyin kamar tana tsefe kai. "Ga koriyarka da ruwan ƙasarta. Ga ja da tata. Waɗannan biyun kuma, ruwan goro da kore mai haske, su ne ka ce ba a taɓawa?"

"Su ne."

"To ga ƙwarzanen farcenka a jikinsu. Saura ƙiris."

Aku ya dafe kai ya ce, "Inna lillahi!"

Ta ɗaure masa ƙulle-ƙullenta, a fili yau, kowa na kallo. Shi kuma hannunsa ya dawo daidai. Ya cire na gaban da ya fere, ya liƙe su da dalma, ya naɗe da salatif tsaf kamar ba a taɓa ba. Ya bi ƙulli ya haɗa na baya da ɗan akwatin, kowace da abokiyarta, don wai in ka juya guda ɗaya, sifikun sai su riƙa ja-in-ja, bugun ƙirjin ya ɓace. Sannan ya karɓi makulli ya kunna, ya ɗauko ɗan siririn sukundireba ya sa a wani ɗan dunƙule da ke jikin akwatin, ya rufe ido yana juyawa a hankali.

Tela ta ce, "Ai ya yi haka."

Ya ce, "Bai yi ba, sifika tana kuka."

"Ni ban ji komai ba."

"Ke ba za ki ji ba." Ya mayar da shi baya kaɗan, sautin ya washe, ya zauna daram. Tela ta taɓe baki ta ce wa Aku, "Kunnen kam nasa ne, ban da haufi."

Aku da kansa ya buɗe ƙofa, kowa ya toshe kunne. Sai 'yar ƙararrawa ta yi tin, tin, can ƙasa-ƙasa, abinta. Ya yi sigina, shiru sai ɗan ƙyas-ƙyas. Ya murɗa kiɗa, gilashin shagon Mai-fenti ya hau kaɗawa. Ya fita daga layin yana daga zaune yana rawa, hannu ɗaya a waje.

Kafin rana ta faɗi labari ya gama tasha, kun san Aku. Filaya ya koma gida, abinci ma kaɗan ya taɓa. Ba zan ɓoye muku ba, akwai waɗanda suka ɗauke ƙafa daga ranar. Wani mai motar haya da ya yi alkawarin kawo tasa, sai ganinta aka yi a wani shago.

Washegari ya buɗe shago da wuri, ya share ƙofa, ya jera kayan aiki, ya zauna a benci. Motoci na wucewa, ba mai tsayawa. Ya sake share inda ya riga ya share. Mai-faci ya miƙo masa shayi, ya karɓa ya riƙe har ya huce. Rana ta ɗaga sosai, har ya fara tunanin ko ya koma gyaran fitilar babur, sai ga wata farar mota ta rage gudu ta tsaya. Direban ya sauke gilashi.

"Nan ne shagon da Aku ya ce mutum biyu ke duba mota ɗaya?"

Filaya ya miƙe har yana tuntuɓe. "Nan ne, shigo da ita."

"Ina Uwargidan?"

"Tana gida, sai rana ta yi take zuwa. Buɗe but ɗin in fara."

Direban ya kashe mota ya kwantar da kujera. "A'a, ba na sauri. Sai ta zo."

"Malam, ni ne fa mai aikin! Ita launi kawai take faɗa!"

"Na ji. Mu jira ta."

Mai-fenti na daga gefe yana dariya har da tari. Filaya ya harare shi, ya harari direban, ya yi ƙwafa. Sannan ya shiga shago ya ɗauko kujerar nan tasa mai taushi da ba ya bari kowa ya zauna, ya kakkaɓe ta, ya ajiye a inuwa kusa da motar, ya bi lungu da sauri ya je kiranta.